Gadar Elmer da Sitika Uku

Duk wanda bai san Elmer Niskanen ba a bakin tafkin nan, to baƙo ne. Shekararsa tamanin da ɗaya. Sau biyu ƙanƙarar da ke daskarewa a saman tafkin tana fashewa da shi a tsakiyar ruwa, sau biyu yana fitowa, na biyun ma da kifinsa a hannu. Bai wuce aji huɗu ba, amma shi ya kafa gadar katakon da ake kamun kifi a kanta a gandun jiha, tun iyayen masu digirin yanzu suna rarrafe.

Kwatsam hukumar gandun ta fito da tsarin shekara talatin, ta kira taron jin ra'ayin jama'a a zauren coci. A cikin tsarin har da cire gadar, wai a bar wa agwagin daji bakin ruwa su yi ƙwai.

Elmer ya san yadda ake irin wannan taro: alluna a jikin bango, kowa a ba shi sitika uku ya manna wa abin da yake so. Sai ya ɗauki busasshen kifi ya nufi gidan tsofaffi, ya raba, ya cika motarsu da mutum goma sha tara.

"Allon ƙarshe, mai hoton gada," in ji shi a ƙofa. "Kada wanda ya tsaya kalle-kalle."

Aka sha kofi, aka miƙe. Dolores Kvamme, wadda suka yi aji ɗaya da shi, ita ce a gaba da sandarta. Tana zuwa allo na biyu ta ja birki.

"Kai, jama'a! Sabon banɗaki, mai ruwan zafi, dab da wurin ajiye mota!"

"Dolores, wuce mana!"

"In wuce ina? Ka san nisan wancan ramin masai da muke zuwa? Bara saura kaɗan in ji kunya a gaban jikokina."

"Kin ci kifina fa, tsohuwar banza!"

"Na ci, gishiri ya yi yawa. Shi ya sa nake ta shan ruwa, ka ga dole in nemi banɗaki."

Ta manna ukunta. Sauran suka bi ta ɗuu, har hoton banɗakin ya ɓace a ƙarƙashin sitika. Gada ta tashi da uku, na Elmer. Agwagi suka sami sittin.

Ya zauna, hularsa a gwiwa. Mutumin da tafki ya kasa haɗiyewa, yau banɗaki ya kayar da shi.

Jami'ar tsarin, Tanya Brekke, ta matso a hankali. "Mista Niskanen, ka yi haƙuri. Ra'ayinka ya shiga rahoto."

"'Yata, bar zancen rahoto. Yaushe za ku zo da zarto? In kwashe kujerata."

Ta buɗe takardu tana bi da yatsa. "Gada tana mataki na uku. Nan da shekara ashirin da biyu ke nan. Kuma kafin a taɓa ta sai an sake kiran taro irin wannan."

Dolores ta tuntsire da dariya har sandarta ta faɗi. "Kana shekara ɗari da uku ke nan! Elmer, in ka zo taron nan, to a cikin akwatin gawa za a kawo ka."

"A lokacin ma sitika uku za a bayar?" ya tambayi Tanya.

"Uku."

"Rubuta sunana da adireshina. Ki aiko da takardar gayyata a kan lokaci."

Ta rubuta, tana danne murmushi. Elmer ya zaro kwalin tabarsa, abokin tafiyarsa na shekara sittin da biyar, ya jefa a kwandon shara. Ya ture farantin kek, ya ce daga yau a ƙafa zai riƙa zuwa tafki.

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Dolores, taro mai zuwa ba zan kawo ki ba."