Kwarzane a Motar Saurayin Auta

A layin nan kowa Mai Tocila yake ce masa. Sana'arsa gyaran fentin mota, amma ba fesawa yake yi ba, gogewa ce. Sai a kawo masa motar da rana da tsumman masu wanki suka kashe wa fuska, ya bi ta da inji da man gogewa har mutum ya iya gyara gemunsa a jikin ƙofa. Tocilar kuwa kullum tana aljihun gaban rigarsa, da ita yake haska fenti a karkace, duk kwarzanen da ya ɓuya wa ido ya fito. Da a motoci ya tsaya da sauƙi. Ya taɓa haska sabon firijin matarsa a gaban baƙi ya ce an cuce ta.

Samarin 'yarsa Auta ma ba su tsira ba. Bai taɓa zagin kowa ba, rakiya kawai yake yi musu zuwa bakin mota, ya zaro tocila, ya girgiza kai ya ce wanda yake goge mota da busasshen tsumma haka zai riƙe mace. Daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsu. Shi a ganinsa taimakon yarinyar yake yi.

Ranar da sabon saurayinta, wani malamin lissafi, zai zo gaishe shi, Auta ta same shi da hantsi a rumfar aikinsa da ke jikin gidan, ta miƙa masa tafin hannu.

"Baba, ba ni tocilar."

"Ke da ubanki?"

"Wannan shi nake so, Baba. In ya tafi kamar sauran ba zan ce maka komai ba, amma ba zan ƙara kawo maka kowa ba."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta shige shi. Ya zaro tocilar ya ba ta, ya ɗora da alkawarin cewa ko kallon motar yaron ba zai yi ba. Har ga Allah a lokacin da gaske yake.

Sai ga yaron da la'asar a baƙar mota. Duk launin duniya ya rasa wanda zai zo da shi sai baƙi, wanda ba ya rufa wa kowa asiri. Ya kuma ajiye ta daidai bakin rumfa, inda rana ta karkato tana yin aikin tocila kyauta. Mai Tocila bai kalla ba, idonsa ne ya kalla. Jikin motar duk zagayen tsumma kamar saƙar gizo, sannan ga wani kwarzane a ƙarƙashin mariƙin ƙofar direba.

A falo yaron ya durƙusa ya gaishe shi, cikin farar riga, da nutsuwarsa. Mai Tocila yana amsawa, yana cewa madalla, amma da za a tsare shi a tambaye shi me yaron ya faɗa, da an ji kunya. Hukunci ya riga ya yanke shi tun a waje. Da matarsa ta shigo da lemo ta zauna ta karɓi hirar, sai ya miƙe ya ce bari ya ga ko ya rufe rumfa.

Dubawa kawai ya je yi. Da ya duba sai ya ce bari ya taɓa. Ya ja farcensa a kan kwarzanen, farcen ya maƙale. Wannan ita ce dokar farko da yake karanta wa duk wanda ya kawo masa mota: in farce ya maƙale, ciwon ya yi zurfi, a bar shi, domin gogewa ba ƙari take yi wa fenti ba, kankare shi take yi. Ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

To amma ga sabon ɗan injinsa rataye a ƙusa yana kallonsa. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, sosonsa kamar murfin kwalba, da iska yake aiki ta tiyo, kuma don irin wannan lungu na ƙarƙashin mariƙi aka yi shi. Tankin da sauran iskar safe, ba sai ya tayar da babban injin da ke cika shi gida ya ji ba. Ya ce wa kansa ai wannan ba kushe ba ce, alheri ne, kuma alherin ɓoye ya fi lada. Mutum in yana son ya ruɗi kansa ba ya rasa aya.

Ya ɗiga man gogewa a soson, ya tsuguna, ya danna. Injin ya ɗauki ɗan kukansa siriri. Zagayen tsumman ya ɓace nan take, wurin ya yi baƙi wuluk yana ɗaukar ido, daɗi ya kama shi har kunne. Kwarzanen dai yana nan. Ya sake bi. Ya rage, amma yana nan. Ya ƙara mai, ya ƙara nauyin hannu, ya matsa kusa da kaifin layin ƙofar, inda fenti ya fi ko'ina sirantaka, inda shi da bakinsa yake cewa ko mahaukaci ba ya daɗewa.

A nan iskar tankin ta yi ƙasa, babban injin ya tashi da kansa da wani irin ruri. Mai Tocila ya zabura, hannunsa ya karkace, gefen soson ya hau kaifin. Da ya ɗaga, soson ya rine baƙi, a jikin ƙofar kuma ga tabo ruwan toka kamar babban yatsa. Ya ci fentin har shafen farko da ke ƙarƙashinsa. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma a hannun mutumin da ya yi furfura a sana'ar.

Yaron ne ya fara fitowa. Ya dubi ƙofar, ya dubi dattijon da ke tsugune.

"Baba," ya ce a hankali, "motar yayana ce. Ni babur gare ni. Ya ara min ne don in fita kunya."

Wato duk shari'ar da Mai Tocila ya zauna ya yanke a falo, hannun wani bawan Allah da bai taɓa gani ba ya yanke wa. Kunya ta rufe shi. Sai ga ƙarar takalmin Auta. Ya miƙe da sauri ya ɓoye injin a bayansa, ya manta tiyon yana biye da shi har cikin rumfa.

Kafin ta ƙaraso, yaron ya juya ya jingina bayansa da ƙofar, daidai kan tabon da jiƙaƙƙen man, ya harɗe hannu kamar mai shan iska.

Auta ta bi tiyon da ido har bayan ubanta. Idonta ya ciko.

"Baba, ka yi min alkawari."

"Ni na roƙe shi," in ji yaron. "Na ce tunda na zo gidan gwani, ya ɗan duba min."

Ta daɗe tana kallonsu, shi da uban, sannan ta juya ta koma ciki.

Mai Tocila ya je ya kashe babban injin. Da yaron ya ɗago daga jikin ƙofar, bayan farar rigar ya yi dabbare-dabbare da baƙi. Dattijon ya tsaya yana kallon rigar. Duk tsawon rayuwarsa aibu yake nema yana nuna wa mutane, yau ga wanda ya ga nasa ƙiri-ƙiri ya sa baya ya rufe.

"Me za ka gaya wa yayan naka?"

Yaron ya sosa ƙeya. "Zan ce a gidan surukaina aka yi. In kun yarda in kira ku haka."

"Lallai kai malamin lissafi ne," in ji Mai Tocila. "Ka gaya masa hakan. Ka ce kuma ya zo da kansa, ni zan ba shi haƙuri, ƙofar nan sai an fesa ta, kuma kuɗin a wuyana yake."

Ya rataye ɗan injin a ƙusarsa, ya goge hannu, ya tsaya a bakin ƙofar gida. Maganar ta yi masa nauyi, amma ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Auta, bai roƙe ni ba."

"Na sani, Baba," ta amsa daga ciki.

Ya waiwaya ya dubi bayan rigar yaron. "To ɗauko masa riga a cikin nawa. Ki duba masu kyan."