Lambar da ke jikin buhun auduga

Wata na biyu ke nan da ɓarin jikin Malama Hajjo ya shanye, baki ya ƙi. Shekara talatin tana koyar da lissafi a Funtuwa, yanzu babban yatsanta na hagu kaɗai ke jin maganarta.

Taga an toshe ta da tsohon buhun auduga saboda rana, a jikinsa an buga 30031. Ita ce abin kallonta. Ta ɗaura aniyar gano ko lambar tana rabuwa, ko kuwa irin masu taurin kan nan ce da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Biyu ta ƙi, uku ta ƙi. Bakwai, sha ɗaya, sha uku, kowace sai ta bar ragowar ɗaya, kamar da gangan. Tana ajiye ragowar a gaɓoɓin yatsunta.

"Baiwar Allah, hankali ya tafi amma tasbihi na nan," in ji masu dubiya. Ba wanda ya taɓa ƙirgawa ya ga ko talatin da uku take yi.

A gabanta ɗanta Zainulabidin ya yanke magana: ran Asabar za a kai ta Dayi wurin ƙanwar mijinta, tunda ba ta ma san inda take ba. Ta sani sarai. Ta kuma san in ta fita gidan nan ba dawowa.

Ran Alhamis Malam Awaisu ya zo, tsohon ɗalibinta, yanzu malamin lissafi a Malumfashi. Ya gaishe ta, ya bi idonta har kan buhun.

"Malama, ko a nan ma aikin gida kike ba mutane?" Ya yi dariya. "Wannan ai ba ta rabuwa, da gani."

Da gani. Tun yana aji biyu take hana shi wannan kalma. Ta buga yatsa a ƙarfen gado sau biyar. Ta tsaya. Ta buga tara.

"Haka take yi wuni guda, Malam," in ji Zainulabidin.

Awaisu ya jera biyar ɗin da taran a ransa. Ya ciro waya, ya raba lambar da hamsin da tara. Ɗari biyar da tara cif, ba ragowa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya durƙusa gefen gadon.

"Malama, ɗaya i, biyu a'a. Kina son zuwa Dayi?"

Ta buga biyu.

Zainulabidin ya sosa ƙeya. "To ai an riga an yi wa mai mota magana."

"Ba ni za ka faɗa wa ba, Alhaji. Ga ta nan," in ji Awaisu.

Zainulabidin ya juyo. Tun da ta kwanta bai kalle ta cikin ido ba sai yau.

"Inna, a fasa?"

Ta buga ɗaya.