Cokalin Baba Direba

Tun da idonsa na hagu ya fara hazo, likita ya ce ya ajiye tuƙi, Baba Direba ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari, yau ga shi a tsakar gida yana kallon kaji. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya kwance rediyo ya kasa mayar da ita. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun da sauran ƙuruciyarsu, ta gaji ta ce, "Malam, ka nemi abin yi tun kafin ka kwance mana rufin ɗaki."

A bayan tashar da ya yi aiki akwai wani masassaƙi da suka daɗe suna gaisawa. Nan ya koma zama, yana kallon yadda guntun icce ke zama cokali a hannun mutum. Da abin ya shiga ransa ya sayi 'yar wuƙa mai gajeren baki. Masassaƙin ya ce masa, "Ka riƙa tura wuƙar gaba, kada ka jawo ta wajen cikinka. Kuma ka fara da ɗanyen icce mai taushi, busasshe karya maka gwiwa zai yi."

Cokalinsa na farko ya fito kamar shebur. Na biyu ya tsage tun bai gama ƙwaƙule bakin ba. Tsohuwa ta ɗaga ɗaya ta juya shi ta ce, "Wannan na cin abinci ne ko na kwasar yashi?" Yatsunsa kuwa duk filasta. Amma bai fasa ba. Sannu a hankali hannunsa ya fara gane wuƙar, ya san inda icce ke yarda da inda yake gardama.

Ana haka 'yarsu Auta ta zo ganin gida daga garin da take aure, goye da 'yarta da ba ta cika shekara ba. Baba Direba ba ya kiran yarinyar da komai sai Amarya. Haƙori take yi, duk abin da hannunta ya kai gare shi sai baki, miyau na zuba har wuya. Ya ƙudura a ransa Amarya ba za ta koma hannu rabbana ba, sai ya yi mata cokali.

A jikin katangar gidan akwai wata shukar ado da suka tarar tun ranar da suka tare, mai dogayen ganye sirara da jan fure. Babu wanda ya san sunanta, ruwan wanke-wanke kawai ake zuba mata. Ya hango wani miƙaƙƙen reshe mai kaurin sanda a jikinta, ya sare. Iccen ya yi masa daɗin sassaƙa, wuƙa na tafiya kamar a cikin sabulu. Ruwan reshen ya ɗan sa masa ƙaiƙayi a hannu, ya goge a wando ya ci gaba. Ya goge cokalin da samfefa, takardar goge katako, har ya yi santsi. Ganyen da ɓawon ya share ya watsa bayan katanga.

Ranar komawarsu, shi ya raka su tasha da sassafe. Ya sa su a motar Dogo, wani direba da shi ya koya wa tuƙi, ya miƙa wa yarinyar cokalin ta taga. Nan take ta cusa shi a baki. Fasinjoji suka yi dariya, Auta ta ce, "Baba, Amaryarka ta karɓi kaya." Ya dawo gida yana jin kansa kamar wani gwani.

Hantsi ya yi yana zaune yana wasa wuƙa, sai ya ji maƙwabcinsa Tela yana ƙwala masa kira daga bayan gida, da irin muryar da ba ta gaisuwa ba. Ya zagaya. Akuyar Tela ce kwance a gindin katanga tana shure-shure, kumfa na fita daga bakinta, idanunta sun juye. Ga sauran ganye a tsakanin haƙoranta.

"Wa ya sare shukar nan ya zubar a nan?" in ji Tela. "Ai guba ce, Baba. Shi ya sa ban taɓa barin dabbobina su leƙa gidanka ba. Na ɗauka ka sani."

"Ganyen ne guba?"

"Ganyen, furen, iccen, duka. Ko hayaƙinta ba a so."

Baba Direba ya dubi akuyar. Ta yi wata miƙa, ta saki. Ba akuyar yake gani ba, bakin Amarya yake gani, da cokali a ciki, da miyau. Ya dafa katanga.

"Baba, lafiya? Akuya ce fa, ba komai."

"Jikata," ya ce. "Na yi mata cokali da iccen."

Da gudu ya shiga gida, gudun da rabonsa da shi an daɗe. Ya lalubo waya, ya kira Auta. A kashe. Ya sake kira, a kashe. Halinta ne, ba ta tuna caji sai wayar ta mutu. Tsohuwa ta fito daga kicin da hannu jiƙe, ya gaya mata a tsaye, kalmomin na sarƙewa a bakinsa. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa inda take, ta ɗora hannu biyu a ka tana salati.

Ya kira Dogo. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake, ta katse. Sai ya tuna shi da bakinsa ya hana Dogo taɓa waya yana tuƙi, har ya taɓa sauke shi daga mota a kan haka. Yau ga tarbiyyar ta kama, ta zo ta tsaya masa a wuya.

Tela ya ɗauko babur ya kai shi tasha. Ɗan kamasho ya duba, babu lambar wani fasinja a wurinsa. Direbobi suka taru a kansa, kowa na faɗin tasa. Baba Direba ya rufe ido ya bi hanyar a zuciyarsa, don ya san ta kamar tafin hannunsa. In Dogo bai tsaya ko'ina ba, yanzu ya wuce doguwar gada, yana dab da mararrabar da wani tsohon mai facin taya yake da rumfa a bakin titi. Ya kira shi. Allah ya taimaka, ya ɗauka.

"Ka bar abin da kake yi ka fita titi," ya ce. "Motar Dogo, fara, mai tsagaggen gilashi a baya. Ka tsayar da ita ko da jikinka ne. Akwai yarinya a ciki da cokalin icce, a ƙwace shi."

"Cokali kuma?"

"Don girman Allah ka fita!"

Daga nan sai jira. Ya zauna a kan benci ya tashi, ya zauna ya tashi. Gumi ya jiƙa masa riga. Wani ya miƙo masa ruwa, ya riƙe ledar bai sha ba. Yana ta tunanin ko motar ta riga ta wuce mararrabar, ko mai facin ya tsayar da wata farar motar ya bar ta Dogo. Yana tunanin yadda yarinyar ba ta sakin abin da ta kama, yadda ya goge cokalin da hannunsa don ya yi mata daɗin gwaigwaya.

Wayar ta yi ƙara. Muryar Auta ce a lambar mai faci.

"Baba, lafiya? Wani mutum ya tare mu a tsakiyar titi kamar mahaukaci."

"Ina cokalin?"

"Ga shi an karɓe. Tun da muka taso take gurgurarsa, har ta cinye masa baki."

"Ita fa?"

Auta ta ce, "Ta yi amai ɗazu. Na ɗauka jijjigar mota ce. Yanzu barci take, ko nono ta ƙi kamawa. Baba, mene ne?"

Ya gaya mata. Ya ji ƙarar da ta yi, ya ji wayar ta faɗi, sannan muryar Dogo. "Baba, akwai asibiti a garin gaba. Na tafi." Da fasinjojinsa duka ya tafi.

Baba Direba ya sa Tela ya koma ya ƙunso masa ganyen da furen a leda, ya shiga motar da ke lodi. Tafiyar da ya yi a wannan hanya ta fi a ƙirga, amma bai taɓa jin tsawonta irin na ranar ba. Duk ramin da direban ya rage gudu a kansa, ji yake kamar ya fizge sitiyarin.

Da la'asar ya isa. Ya sami Auta tsaye a baranda ba takalmi, idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe shi ba, ta nuna masa ƙofa kawai. Amarya na kwance a kan wani gado da ya yi mata girma, an ɗaura mata ƙarin ruwa a bayan hannu, an manna mata wayoyi a ƙirji, wata na'ura na ƙara a gefenta. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya, ga ta shimfiɗe kamar tsumma.

Likitar mace ce, ta buɗe ledar ta duba ba tare da ta taɓa ba. Ta ce gara da ya kawo, yanzu sun tabbatar da abin da suke fama da shi. Ta ce gubar zuciya take taɓawa, bugun ya ragu, amma an zo da ita da wuri, kuma da ganyen ta ci da labarin ya sha bamban. Za su sa mata ido zuwa gobe.

"Za ta tashi?" ya tambaya.

"Muna sa rai, Baba. Ka yi addu'a."

A barandar suka kwana. Mijin Auta ya iso, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi kamar kullum, wannan ladabin ya fi masa zagi ciwo. Ya so wani ya yi masa faɗa, babu wanda ya yi.

Da gari ya waye sai suka ji kuka daga ɗakin, kuka mai ƙarfi na jin yunwa da jin haushi. Auta ta ruga. Da ya leƙa, ya ga yarinyar tana ƙoƙarin fizge robar hannunta, ma'aikaciyar jinya na riƙe ta tana dariya. Ya koma baranda ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Can Auta ta fito ta tsuguna kusa da shi ta ce, "Baba, ta kama nono. Ka kira Mama, tun jiya ba ta ci komai ba."

Bayan an sallame su ya dawo gida, shi da Tela suka sa leda a hannu suka tumɓuke shukar. Saiwar ta shige ƙarƙashin katanga, sai da suka wuni suna haƙa. Suka binne ta a rami mai zurfi can bayan gari. Da ya taso da maganar akuya, Tela ya ce in ya sake ambatonta sun ɓata.

An daɗe kafin ya koma wurin masassaƙin, kuma da ya koma, sunayen itatuwa ya fara tambaya kafin komai. Tsoron dai bai sake shi da wuri ba. Kullum da safe sai ya kira Auta ya ji ko yarinyar ta ci, ko ta yi barci, ko jikinta da zafi. Har wata rana Auta ta ce, "Baba, lafiyarta ƙalau. Yanzun nan ta fasa min kofi. In kana so in aiko maka da ita ka ji da ɓarnarta."

Ya ce ta aiko.