Makunnin da Ya Ɗaura a Juye

Ranar da labarin ya same ta, tana kan keken ɗinki tana kalmasa bakin wata riga. Wani dattijo ya yi sallama a ƙofar shago, rungume da akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti. Ta gane akwatin kafin ta gane mutumin. Akwatin kayan aikin ɗanta ne, dattijon kuwa malaminsa ne a kwalejin koyon sana'a. Ya ce mota ce ta buge shi a mahaɗar hanya, da safe yaron yana tafiya wurin aikin gwaji, nan take ya rasu. Saura wata uku ya cika shekara biyunsa ya gama. Ƙafarta ba ta daina taka keken ba sai da allura ta karye.

Da ma ba da son ranta ya shiga kwalejin ba. Da ya gama sakandare, sakamakonsa ya isa ya kai shi jami'a. Ita da ba ta wuce aji huɗu ba, ba ta da burin da ya wuce ta ga ɗanta da digiri. Shi kuwa ya kafe, aikin lantarki yake so.

"Umma, shekara biyu ce fa, in fito da sana'a a hannuna."

"Shekara biyu? Ko ɗinki sai da na fi haka ina koyo. Kan nan naka mai kyau a hawan tsani zai ƙare?"

Kawunsa ya laƙaba masa Injiniya don ba'a, sunan kuma ya bi shi. Ta sa hannu a takardar shiga ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Wata uku da fara karatu, makunnin fitilar ɗakinta ya lalace. Ya zo da sukudireba da filaya yana hura hanci, ya ɗaura sabo. Sai ga shi a juye. Duk makunnan gidan ƙasa ake dannawa fitila ta kama, wannan sai an tura shi sama.

"Injiniya manya! Har yanzu ba a koya muku sama da ƙasa ba?"

"Umma, wuta ta kawo ko ba ta kawo ba?"

"Ta kawo."

"To sauran ado ne. Ranar Asabar zan juya miki shi."

Asabar ta yi ta zuwa tana wucewa. Hannunsa ya faɗa, har masu shagunan layin suka koma shi suke kira. Mai aski ya taɓa tare ta ya ce, "Mai ɗinki, kin haifi ɗa." Ta ji daɗi har cikin ranta, amma ba ta taɓa faɗa wa yaron ba. Abin da kawai take ce masa shi ne, "Yaushe za a gyara mini makunnina?"

Shekara guda bayan rasuwarsa, ƙanwarsa Auta ta gama sakandare. Ta kawo takarda ta ajiye a kan keken ɗinki. Kwalejin nan ce, kuma aikin lantarki.

"Ɗauke mini ita. Makarantar nan ta ci mini ɗaya, ba za ta ƙara ba."

"Umma, mota ce ta buge Yaya, ba makaranta ba."

"Da jami'a ya tafi, me zai kai shi hanyar nan?"

Auta ta ce ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu. Uwar ta yi kunnen uwar shegu da ita. Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ranar Laraba uwar ta dawo daga shago da la'asar, ta tarar da shuɗin akwatin nan a buɗe a tsakar ɗakinta. Auta ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, tana tsaye gaban makunnin da sukudireba.

"Kada ki taɓa shi!"

"So nake ki ga na iya. Sukurori biyu ne kawai, Yaya ya nuna mini."

"In sukurori biyu ne, me ya hana shi gyarawa?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Yana sane ya bar shi. Ya ce mini duk maganar karatunsa ba kya yi masa, sai ta makunnin nan. In ya gyara, shi ke nan ba sauran hira."

Uwar ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon sukudireban, wanda zufar hannun ɗanta ta dusashe masa mariƙi. Ashe yaron nan jira yake ta tambaye shi me aka koya musu yau, ita kuma tana jiran ya gane da kansa cewa ta huce.

"Kawo takardar," ta ce. "Da alƙalami."

Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, sannan ta ɗaga kai ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Ki je ki iya, ki fi shi. Kullum kika dawo ki zauna ki ba ni labari, ko ban gane ba. Amma wannan ki bar mini shi yadda yake."

Auta tana shekara ta biyu yanzu, ta canza rabin wayoyin wutar gidan. Makunnin ɗakin uwar ne kawai ba ta taɓa ba. Kullum rana ta faɗi, uwar takan shiga ta sa babban yatsa ta tura makunnin sama, fitila ta kama, ta ce a hankali, "Injiniya manya."