Tsohon Gada

Duk ofishin ɗan majalisa a Washington yana da nasa mai kiran waya na kullum. Wani ofishin tsohuwa ce da ta haƙiƙance ana zuba wa ruwan famfo magani, wani kuma tsohon soja ne da kaɗaici ya dama. Mu da muka daɗe a ginin nan mun san su kamar yadda muka san masu gadin ƙofa, har gadonsu ake yi, ma'aikaci ya tafi ya bar wa na bayansa. Ofishin da Noreen Ashby ta samu aiki na wani ɗan majalisa ne daga gabashin Ohio, kuma nasu mai kiran Tsohon Gada ake ce masa. Ita ba ta san da wannan ba safiyar da ta rataya sabon katin shaidarta a wuya, tana ta shafa shi kamar wani zai ƙwace.

Su biyu aka ɗauka bayan zaɓe, ita da wani Devin, ɗan gidan masu hali, wanda tun kafin a nuna masa kujerarsa ya fara kiran manyan ofis da sunayensu. Curtis Langford aka ba horar da su. Curtis ya yi furfura a bakin wayar nan. Ba mugu ba ne, amma mutum ya shekara da shekaru ana zazzage masa ɓacin ran jama'a a kunne, to ko dai ya koyi dariya ko ya bar aikin. Shi ya zaɓi dariya, kuma ya iya ta.

Ya zaunar da su a ɗakin gaba, inda wayoyi suke, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera.

"Na san kowannenku da digirinsa ya zo, yana jiran a ce ya rubuta doka," in ji Curtis. "Ku ajiye wannan. Ku masu ɗaukar waya ne. Mutumin mazaɓa ya kira, ka saurare shi, ka yi masa godiya, ka ce za ka isar wa maigida da saƙonsa. Ba ka da ra'ayi, ba ka yin alkawari, ba ka ba da cikakken sunanka. Ko ya zagi uwarka, godiya za ka yi."

"In ya zagi ubana fa?" Devin ya tambaya.

"Sai ka tambaye shi adireshinsa, don a aika masa da takardar godiya."

Suka yi dariya. Noreen tana rubuta komai, har da abin da ba a rubutawa. Ta ji daɗin Curtis, ta kuma so ya ga cewa ba a yi zaɓen banza ba da aka ɗauko ta daga ƙaramin gari.

"Yanzu bari ku ji malaminku na gaskiya," Curtis ya ce, ya jawo wayar tebur. "Duk wanda ya koyi aiki a ofishin nan, a kansa ya koya." Ya leƙa ɗakin ciki ya ce a fito, za a sa Tsohon Gada. Mutum uku suka fito riƙe da kofunan gahawa, tun ba a fara ba suna murmushi. Ya danna saƙon muryar da aka bari, ya ƙure sauti.

Aka fara jin gyaran murya, doguwa, irin ta mai shirin yin jawabi a coci. Noreen ta daina rubutu tun a nan, don ta san wannan gyaran muryar tun kafin ta san sunanta.

"Barkanku da warhaka. Emmett Kozak ne daga Pellam. A kan maganar gadar nan ne dai."

Mahaifinta ne. Sunan mahaifiyarta take ɗauke da shi, don iyayen sun rabu tana jaririya, amma uwar ba ta daɗe ba ta yi gaba abinta, Emmett ne ya raine ta shi kaɗai. Direban motar 'yan makaranta ne har ya yi ritaya. Da aka rufe tsohuwar gadar garinsu saboda ta tsage, yaran ƙetaren rafi suka koma zagaye mai nisa, suna fita da duhun asuba cikin sanyi, abin ya tsaya masa a rai. Ta san yana kira. Yakan ce mata, "Yau na yi magana da Washington," yana gyara zaman hula, ita kuma ta ɗauka abu ne na lokaci-lokaci. Da ta samu aikin ta roƙe shi kada ya ambaci sunanta, kada a ce da hanya ta shiga. Ya ɗaga hannu ya rantse mata a tsakiyar kicin.

A cikin wayar muryar ta ci gaba da lissafo yaran ƙetare da sunayensu, wance mai asma, wane da ke barci a mota har a wuce da shi. Curtis ya ɗaga yatsa kamar mai ba mawaƙa hannu, sai duk tsofaffin ma'aikatan suka haɗa baki da muryar: "Ni dai ba don kaina nake faɗa ba." Ɗakin ya kece da dariya. Devin har da buga tebur.

"Kullum ne?" Devin ya tambaya yana share ido.

"Ban da Lahadi," in ji Curtis. "Kuma gadar ma ba a hannunmu take ba, ta ƙaramar hukuma ce. An gaya masa, an rubuta masa, an sake gaya masa. Ni kam na fi jin muryarsa a kan ta matata." Ya juyo wajen Noreen. "Ke ba 'yar wajen ba ce? Ko kin san shi?"

A nan ne ya kamata ta faɗa. Magana ce ta numfashi ɗaya, kuma da an ɗan yi tsit, an ba ta haƙuri, an wuce wurin. Amma idanun mutum biyar suna kanta, ranarta ce ta farko, kuma takalmin ƙafarta ma shi ya saya mata.

"Garin ba girma gare shi ba," ta ce. "Ina ganinsa dai."

"Haka yake a fili?"

"Ya ma fi haka," ta ce, ta yi dariya. Dariyar ta fito lafiya lau, ba wanda zai ce ta dole ce, kuma wannan ne ya fi ba ta kunya.

Curtis ya ji daɗin amsar. Ya ce ai shi ke nan, 'yar gida ta zo, yau ita za ta karɓe shi. Al'adar ofishin ce, sabon ma'aikaci ba ya zama ɗan gari sai ya ɗauki kiran Tsohon Gada a gaban kowa, a ga yadda zai sallame shi ba tare da ya yi alkawari ko ya fusata ba. Ta ce ko Devin ya fara. Devin ya ce a'a, mata ne a gaba. Ta koma kujerarta tana addu'ar Allah ya sa yau dusar ƙanƙara ta katse layin Pellam, ko ya sa ya tafi gyaran mota, ko ya manta. Amma ta san mutumin da ya tashe ta makaranta duk tsawon yarintarta bai taɓa makara ba.

Da hantsi wayar ta yi ƙara. Curtis ya dubi lambar, ya tafa hannu a hankali, aka sake fitowa daga ciki. Ya danna maɓallin da kowa zai ji, ya nuna mata kujera.

Ta gaishe da mai kira da sunan ofis, yadda aka koya mata. Aka yi gyaran murya, sai kuma aka tsaya a tsakiya. Ta san ya gane ta, har tana iya ganin fuskarsa, yana tsaye jikin firij, bakinsa ya fara buɗewa da murna. Kafin ya ce komai, Devin ya sunkuyo ya kwaikwayi muryar tsoho, yana zaton a hankali ya yi: "Ni dai ba don kaina nake faɗa ba." Wata ta toshe baki, dariyar ta kufce mata ta hanci, sauran suka biyo. Wayar ofis kuwa ba abin da ba ta ɗauka.

Curtis ya harari Devin, ya sa yatsa a baki, amma an riga an ji.

"Da wa nake magana?" Emmett ya tambaya. Muryarsa ta sauka.

"Noreen."

"Noreen," ya maimaita. "Sabuwa ce ke, Malama?"

"Eh, yau na fara."

"To Allah ya ba da sa'a. Emmett Kozak ne daga Pellam. A kan gada ne, amma na ji kamar kuna da aiki a gabanku. Ba zan riƙe ki ba."

Curtis yana yi mata alama da hannu, ta ƙarasa. Ta dubi takardar gabanta duk da ba ta bukatar dubawa. Ta gode masa da ya kira, ta ce za ta isar wa maigida da saƙonsa. Ta faɗe shi tsaf, babu inda muryarta ta yi rawa.

"Na gode, Malama," ya ce. "Ki gaida mutanen wurin." Ya ajiye.

Aka tafa mata. Curtis ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya sallami Tsohon Gada da wuri haka ba, lalle sai ɗan gari. Ya ja kunnen Devin a kan yin magana kusa da buɗaɗɗen layi, sannan ya ce su je su ci abinci, da rana za a zagaya da su ginin. Devin ya ce ta zo su sauka tare. Ta ce ya yi gaba, za ta shiga bayi.

Matakalar bayan gini ta nufa, inda ba kowa sai masu shara. Ta zauna a kan dutsen mai sanyi, ta fito da wayarta ta kira mahaifinta. Sai da ta yi ta ƙara kamar ba za a ɗauka ba.

"'Yar Baba," ya ce. "Kin ci abinci?"

"Baba."

"Kin iya aikin nan fa. Na ji ki, kamar kin shekara a wurin. Rigar sanyin ta isa, ko in aiko da ta ulun?"

"Baba, ka bar maganar riga."

Tana jin rediyon kicin ɗinsu yana ta surutun farashin masara, sai kuma aka kashe shi.

"Sun daɗe suna yi?" ya tambaya. "Dariyar."

Ta so ta ce yau ne kawai, yaron nan ne marar kunya. Bakinta ya ƙi. Shi kuma ya gane.

"To," ya ce. "Ni ina nan ina gaya wa abokaina su Harold a shagon gahawa cewa an san ni a Washington. Ashe kuwa an san ni." Ya ɗan yi dariya, ba ta yi nisa ba. "Kin gaya musu ko ni wane ne?"

"A'a."

"Kin kyauta. Kada ki faɗa. Wurin aikinki ne, kin sha wahala kafin ki kai nan." Ya numfasa. "Ki yafe mini, Noreen. Da na san abin da na zama ke nan a wurin, da ban bari kin shiga kin tarar da shi ba. Na kunyata ki a ranarki ta farko."

Da zaginta ya yi, da ta samu abin riƙewa. Amma haƙuri yake ba ta, shi da aka yi wa laifi, kuma da gaske yake. Kunya ta rufe ta, ta ga katin da ke rataye a ƙirjinta ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ba kai ka kunyata ni ba," ta ce. "Ka tsaya. Kada ka kashe, ka ji? Ka tsaya a kan layi."

Ta miƙe ta hau matakalar da gudu, ta bi dogon barandan tana kauce wa masu jan akwatunan takardu, wayar a matse a hannunta. Ta tura ƙofar ofis da ƙarfin da ya sa tutar bakin ƙofa ta girgiza. Curtis yana zaune yana cin burodi da nama a kan takarda, biyu daga cikin na ɗazu suna tsaye kansa suna hira, Devin ma bai riga ya sauka ba.

"Emmett Kozak mahaifina ne," ta ce. "Shi ya raine ni. Na ce muku ina ganinsa dai, ƙarya na yi. Ga shi a waya, ina so ya ji na faɗa."

Curtis ya daina tauna. Ya ajiye burodin a hankali, kunnuwansa suka yi ja, ya goge hannu a wando ya miƙe tsaye kamar tsohon zai shigo ɗakin. Devin ya sunkuyar da kai. Ta danna maɓallin da kowa zai ji, ta ɗaga wayar a tsakiyarsu.

"Baba, ka ji ni?"

Ba a amsa ba. Ta juyo da fuskar wayar ta duba. Ya riga ya kashe tun tana kan matakala.