Tukunyar da Ta Fita Yawo

Kawu Tsanko ya yi damina guda a garejinsa yana haɗa mutum-mutumi mai taya huɗu da hannu ɗaya, wai don ya riƙa ɗaukar wa matarsa Velichka tukunya lokacin dafa miyar tattasai ta kaka. Ni ce mai riƙe masa fitila.

Bireka biyu ya saya, abin nan da ke katse wuta in ta yi yawa. Babban ya ba tayoyi. Ƙaramin kuwa ya haɗa masa hannu da ƙwaƙwalwa a waya ɗaya.

Na ce, "Kawu, hannun nan fa akwai cin wuta. A raba su mana."

Ya ce, "Ke Nevena, naki hannun da kanki ba jiki ɗaya suke ba? Haska min nan."

Ranar gwaji duk layinmu na garin Gabrovo ƙamshin gasasshen tattasai yake. Velichka ta cika tukunya ta rufe, ta riƙe ƙugu.

"Tsanko, in ɗigo ɗaya ya zube, a gareji za ka kwana kai da wannan ɗan naka na ƙarfe."

Kawu ya danna maɓalli. Tayoyi suka motsa, hannu ya ɗaga tukunya, sai muka ji ƙas! Ƙaramin bireka ya katse. Hannu ya sandare da tukunya a sama, ƙwaƙwalwa ta mutu, tayoyi kuwa babu wanda ya gaya musu. Abin ya fice ta ƙofar gida ya miƙe gangara.

"Tsaya! Ni ne ubanka!" in ji Kawu, yana gudu da silifa ɗaya. Velichka na bayansa da ludayi, ban san wa take bi a cikinsu ba.

Abin bai zame ko'ina ba sai gidan Baba Ginka, tsohuwar da suka daɗe ba sa ga-maciji da Velichka saboda rigimar reshen bishiyar goro mai ɓawo da ya ƙetara katanga. Ya daki matakalarta, tayoyi suka yi ta gurnani a wuri ɗaya, babban bireka ma ya katse. Tsit.

Baba Ginka ta fito ta buɗe murfi, ta lakata ta ɗanɗana. Sai idonta ya ciko.

"Velichka, ashe kina tunawa da ni? Har da ɗan aike?"

Velichka ta ɓoye ludayin a baya. Sannan ta ce, "Gishirin ya ji?"

"Bai ji ba. Shigo in nuna miki."

Suka shige da tukunyar. Ni da Kawu muka turo abin zuwa gida, yana haki yana cewa da ma haka ya tsara. Da yamma ya aike ni kanti in sayo bireka na uku, ya ce in mai kanti ya tambaya in ce na firji ne.