Hannun da Ya Riƙe Wayar

"Ba zan ce ba ni ba ce, Yaya."

Auta ta faɗi haka tana zaune a hannun kujera, rigar asibiti har yanzu a jikinta. Yayanta yana tsaye a tsakiyar falon mahaifiyarsu, riƙe da takardar da ya rubuto mata: layi huɗu, na rantsuwa cewa hotunan da ke yawo a intanet haɗin kwamfuta ne.

"Wayar ta rufe rabin fuskar," in ji shi. "Wa zai dafa Alƙur'ani ya ce ke ce? Ki karanta, in ɗauke ki a bidiyo, a tura wa dangi, a wuce wurin."

"A wuce wurin, su kuma hotunan suna nan."

"Auta, ki ji maganar yayanki," in ji Umma, idonta a kan tsintsiyar da ke jingine a bango. Tun ranar Litinin ba ta kalli 'yarta ido cikin ido ba.

Ranar Litinin ɗin ce abokiyar aikinta a ɗakin gwajin jini ta ja ta bayan firij, ta nuna mata waya. Hotunanta ne guda uku, ba kaya a jikinta. Shekara biyu da suka wuce aka ɗauke su, lokacin mijinta yana aiki a gari mai nisa, sai bayan wata biyu yake leƙo gida. Mijinta ne a lokacin, da igiyarsa. Da ta gaji ta nemi takardarta, a bakin ƙofa ya ce mata za ta gani. To ga shi ta gani.

Sau uku ta rubuta wa masu shafin da aka ɗora hotunan cewa an ci zarafinta. Sau uku na'ura ta amsa mata da godiya.

"Na je wurin lauya," ta ce. "Akwai hanyar sauke su. Amma sai na rantse ni na ɗauka."

Yaya ya yi wata dariya marar daɗi. "Karatun naki ke nan? Mu muna rufe miki asiri, ke kina neman biron sa hannu."

"Asirin wa kuke rufewa? Shi ya ɗora, ni ake kawo wa takarda."

Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "In kika sa hannun nan, ki nemi wani yayan."

Washegari da hantsi ta hau matattakalar ofishin lauyar, ɗaki ɗaya a saman shagon gyaran fanka. Lauyar mace ce mai jiki, tabarau a rataye a wuya. Ta karɓi tsohuwar wayar Auta mai tsagaggen gilashi, ta duba hotunan na asali da kwanan watan da ke jikinsu.

"Masu irin wannan shafin kuka ba ya damunsu, ƙanwata," ta ce. "Amma ki ce musu an saci kayanki, dokar haƙƙin mallaka na bin su, yanzu za ki ga sun tashi tsaye. Hoto na wanda ya danna ne. Kin ga nan? Ga madubi, ga hannunki riƙe da waya. Wannan naki ne. Wannan ma."

Ta tsaya a kan na uku. Ta sa tabaraun, ta sake cirewa.

"Nan hannuwanki biyu duk a waje suke."

"Shi ya ɗauka."

"To a takarda nasa ne. Shi sai dai mu bi ta kotu, kuma kotu ba ta san sauri ba." Ta juyo da kwamfutar wajen Auta. "Kafin ki taɓa komai, ki saurare ni. Fom ɗin nan yana son cikakken suna da adireshi. Adireshin ofishina za mu sa, amma sunan naki ne. Kuma za su tura wa wanda ya ɗora kwafi. Kin san halin mutuminki."

"Na sani."

"Ki je ki kwana da shawara. Ba a rufe intanet."

Auta ta kalli gurbin sunan. Ta tuna matan da ke miƙo mata hannu kullum tana neman jijiya, tana ce musu su daure, yanzu za a gama.  Ta rubuta sunanta duka, har da na kakanta. Wurin da aka ce ta rantse ita ce mai hoton, ta danna.

Kwana huɗu aka yi, hotuna biyu suka ɓace daga shafin. A rana ta biyar tsohon mijin ya ɗauki kwafin rantsuwar ya zuba a zauren dangi na waya, ya tura wa shugaban asibitin, ya rubuta a ƙasa: "Ga ta da bakinta."

Shugaban ya kira ta ofis, yana ta gyara takardun da ba su karkace ba. Ya ce ba korarta aka yi ba, amma ta koma ɗakin baya wurin wanke kwalabe, har ƙura ta lafa.

"Hannuna bai canza ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma zan je."

Da yamma ta shiga gida, ta tarar Umma tana ninke kayan wanki. Tsohuwar ta ɗan matsa, ta tura mata rabin tulin, suka ci gaba da ninkewa tare.

Yaya bai ƙara taka gidan ba in ya san tana nan. Marasa lafiya ta daina ganinsu. Duk wanda ya san ta yanzu ya san ita ce, domin ita ta faɗa, da sa hannunta. Hoto na uku yana nan a shafin, kuma an sa ranar kotu sai bayan wata bakwai.